Garmaho a Ƙauyukan Jazira: Muryar Mutanen Da da Rabon Ƙarfe a Cikinta

Bahaushe bai wahala ba wajen neman sunan da zai raɗa wa baƙin farantin nan da ake ɗorawa a kan garmaho. Ya dube shi ya ga kewayayye ne, shimfiɗaɗɗe, da zara-zaran layuka suna bin juna daga baki har cibiya, sai ya tuna da faifan da mata ke saƙawa da kaba suna rufe ƙwarya, ya ce faifai. Sunan ya dace ƙwarai, domin kamar yadda faifan kaba yake igiya ɗaya da aka yi ta naɗewa, haka faifan garmaho tsagi ɗaya ne tak, ya taso daga gefe yana kewayawa har ya ƙare kusa da hudar tsakiya. A faifai mai faɗin inci 10, wanda ke juyawa sau 78 a minti kuma yake ɗauke da waƙar minti uku, allura tana yin tafiyar da ta haura mita 100 cikin wannan tsagi kafin mawaƙi ya rufe baki. Duk abin da kunne zai ji yana rataye ne da yadda aka yi wannan tafiya: ko faifan ya juya da gudu ɗaya, ko allurar ta zauna daidai, ko abin da ke karɓar motsinta ya iya mayar da shi amo ba tare da ya ƙara nasa ba. Wanda ya saurari tsofaffin waƙoƙin Sudan a yau yakan ce mutanen da muryarsu siririya ce, ta hanci, mai rawa, kuma suna waƙa kamar ana korarsu. Hujjar da za a bi a nan ita ce, babban rabo na wannan murya na ƙarfe ne da roba da giris, kuma zafi da ƙurar ƙasar Jazira sun ƙara wa ƙarfen rabo a kan na mawaƙin.

Kafin a buɗe akwatin, ya kamata a san inda aka ajiye shi. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas da sauran jama'a, har suka isa gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906. Sun fara sauka a Shaikh Talha, daga baya suka ƙetare zuwa gaɓar yamma suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. Ba su kaɗai ba ne. Hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ke tasowa daga Kano da Barno ta bi ta Wadai da Darfur, ta daɗe tana zubo mutane, kuma da jirgin ƙasa ya kai El Obeid wajen 1912 sai tafiyar ta ƙara sauƙi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai ƙasar da ke tsakanin Nilu biyu ta zama mazaunin dubban Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda Larabawa ke haɗawa su kira Fallata ko Takari. Mafi yawansu ƙwadago suke yi, suna shara da ban ruwa da tsinkar auduga, suna zaune a matsugunan da ake kira kambo a gefen magudanan ruwa. Wasu sun sami hawasha, wato gonar haya tasu ta kansu a cikin aikin, musamman a farkon shekarun 1930 lokacin da farashin auduga ya faɗi har waɗansu manoma suka bar gonakinsu. Abu biyu ne ke da muhimmanci ga zancen garmaho a cikin wannan tarihi. Ƙauyukan nan sun yi shekaru masu yawa babu wutar lantarki, kuma kuɗi na shiga hannun mutanensu ne da kakar auduga, lokacin da ake cika kasuwannin Wad Madani da Hasahisa da Sinnar.

A waɗannan garuruwa gidan garmaho shi ne shagon gahawa da kantin attajiri, kuma a can ɗan ƙauye ke haɗuwa da shi ranar kasuwa. Shekarun da aka buɗe Jazira su ne kuma shekarun da mawaƙan Omdurman, irin su Sarur da Karoma da Khalil Farah, suka shahara, ana ɗaukar muryoyin mawaƙan Sudan a Alƙahira, inda kamfanoni irin su Odeon da Baidaphon da Mechian ke da harka, sannan a dawo da faya-fayen su bi jirgin ƙasa. Sunan da ake kiran waƙoƙin wannan zamani da shi, Haƙiba, wato jaka, ya samo asali ne daga wani shirin Rediyon Omdurman da ake zaro tsofaffin faya-fayai daga jaka ana sa wa masu sauraro. Ga Bahaushen Jazira kuwa, sunan da ya fi kusa da zuciya shi ne na A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Fallatiya. An haife ta a Kassala, iyayenta mutanen ƙasar Hausa ne, mahaifinta malami ne da bai so ta yi waƙa ba. A ƙarshen shekarun 1930 aka ɗauki waƙoƙinta a Alƙahira, faya-fayenta suka cika shagunan gahawa, kuma a farkon shekarun 1940, jim kaɗan bayan buɗe Rediyon Omdurman a 1940, ta zama macen da ta fara rera waƙa a gidan. Ta rasu a 1974. Mafi yawan waɗanda suka fara jin muryarta ba su taɓa ganinta ba. Abin da suka ji shi ne abin da wani akwati mai hannun wani a gefe ya yarda ya fitar.

Akwatin nan ba ya cin batir, ba ya cin wuta. Ƙarfinsa duka daga damtsen mai yi masa wani yake fitowa, a tara shi a cikin sifirin, wato doguwar ɗamarar ƙarfe da aka naɗe cikin gwangwani. Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai faifai a Amurka a 1887, amma na farkon da hannu ake juya su, kuma babu hannun ɗan Adam da ke iya riƙe gudu ɗaya na minti uku. Sai da Eldridge Johnson ya ƙera masa injin sifirin mai aminci wajen 1896 sannan ya zama abin sauraren waƙa. Matsalar sifirin a bayyane take. Idan an cika shi da wani yana da ƙarfi ƙwarai, yana warwarewa yana raguwa, ga shi kuma ana son faifai ya juya da gudu ɗaya daga bismilla har tammat. Abin da ke sasanta wannan shi ne ɗan ƙarfen da makanikai ke kira gwamna, wanda a gaskiya linzami ne. Wasu ƙananan dunƙulen ƙarfe ne, galibi uku, kowanne a manne da siririn ƙarfe mai lanƙwasa, a jikin sanda mai juyawa da sauri. Gudu na ƙaruwa, dunƙulen na buɗewa waje, suna janyo wani ɗan faranti har ya goga jikin wani guntun fata ko ulu mai ɗan mai, gogayyar ta rage gudun. Gudu na raguwa, dunƙulen su koma ciki, farantin ya saki. Ɗan hannun da ke kusa da faifai, wanda aka rubuta 78 a tsakiyarsa, ba ya yin komai illa matsar da guntun fatar nan gaba ko baya. Ke nan daidaiton muryar A'isha a shagon gahawa na Wad Madani yana rataye ne da wata fata da ba ta kai girman ƙwayar wake ba, da ɗigon man da ke jikinta.

A nan ne ƙasar Jazira ke shigowa cikin waƙar. Garmahon tafi-da-gidanka irin na HMV, mai tambarin kare yana sauraren ƙaho, samfurin 101 na tsakiyar shekarun 1920 da 102 da ya fito a 1931, an ƙera su ne a Ingila, inda mai ke daɗewa bai bushe ba. A Jazira zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ga guguwar habub da ke tasar da garin baƙar laka, wanda ba ya barin kafa ko ta allura bai shiga ba. Idan man fatar gwamna ya bushe, maimakon ta goga a hankali sai ta riƙa kamawa tana saki sau da yawa a sakan ɗaya, murya ta ɗauki wata karkarwa kamar ta mai jin sanyi. Idan ɗaya daga cikin siraran ƙarafan gwamna ya gaji ya fi 'yan'uwansa laushi, dunƙulen ba za su buɗe daidai ba, karkarwar ta ƙaru har da gurnani. Shi kuma giris ɗin da ke cikin gwangwanin sifirin, idan ya tsufa ya sha ƙura, yakan daskare ya manne naɗin ƙarfen da juna, sai su riƙe su riƙe, can su saki gaba ɗaya da wata ƙara, dum, faifai ya yi tsalle. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: inda mawaƙi ya ɗaga murya, tsagin faifai ya fi karkacewa dama da hagu, allura ta fi jan baya, injin da sifirinsa ya kusa ƙarewa sai ya rage gudu daidai wurin da waƙar ta fi daɗi. Faranti mai nauyi yana maganin wannan, domin abu mai nauyi idan ya ɗauki juyi ba ya saurin canzawa. Amma akwatin da aka yi don a ɗauka a hannu ko a ɗaure a bayan jaki dole farantinsa ya zama marar nauyi. Sauƙin ɗauka da daidaiton murya sun yi karo, kuma masu ƙera akwatin sun zaɓi sauƙin ɗauka.

Ana iya auna wannan da lissafi mai sauƙi. Idan faifan da aka ɗauka a kan juyi 78 ya sauko zuwa 74, gudu ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100, murya ta yi ƙasa da kusan rabin mataki a ma'aunin kiɗa, waƙar minti uku ta ƙara sakan goma. Idan ya hau zuwa 82, murya ta sirance, mawaƙi ya zama kamar yaro, kiɗa ya yi gaggawa. Su kansu kamfanonin ba su tsaya kan 78 cif ba a shekarun farko, har Columbia ta Ingila ta daɗe tana buga nata a kan 80. A birnin da ke da lantarki ana gwada gudu da wata takarda mai zane-zane a ƙarƙashin ƙwan fitila. A inda babu wuta sai dai a maƙala guntun takarda a ƙarƙashin faifai a ƙirga wucewarta, 26 a cikin sakan 20, wanda kuma ke buƙatar agogo mai hannun sakan. Saboda haka kunnen mai shago ne ma'auni, kuma kunne a cikin hayaniyar kasuwa yakan karkata ga abin da ya fi kaifi da zafi, wato gudun da ya ɗan zarce. Wannan bai kai muni ba idan gudun ya tsaya wuri ɗaya, domin kunne yana saurin sabawa. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne hawa da sauka. Idan hudar tsakiya ta goce daga cibiya da rabin milimita kawai, ko ta buɗe saboda yawan sawa da cirewa, to kusa da ƙarshen waƙa, inda tsagi ke da nisan santimita 5 daga tsakiya, murya za ta riƙa hawa da sauka da kashi 1 cikin 100 a kowane juyi. Mai jin Hausa, wanda harshensa ke bambanta ma'ana da karin sauti, kuma ya tashi yana jin yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya ya sa fata ta yi magana, ba zai rasa jin wannan ba. Gare shi kamar wani ne ya sa hannu yana matsa tsarkiyar mawaƙin ba da izininsa ba.

Sai allura, wadda ita ce mafi arha a cikin kayan kuma mafi ɓarna. Faifan wancan zamani ana yin sa ne da shalak, wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwan Indiya, a cuɗa shi da garin dutse mai yawa. An sa garin dutsen da gangan, don ya cinye bakin allurar ƙarfe a juyin farko-farko har ta yi daidai da tsagi, nauyin kan garmaho, wanda ya haura giram 100, ya bazu maimakon ya taru a tsini ɗaya. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi: allura ɗaya, fuska ɗaya ta faifai, a jefar. Kafin waƙa ta ƙare bakin allurar ya riga ya yi kafaɗu masu kaifi kamar kurfi, idan aka sake sa ta, musamman in an ɗan juya ta a mariƙinta, sai ta riƙa fere bangon tsagin. Ana sayar da allurai a ƙananan gwangwanaye, 100 ko 200, kuma duk daga ƙetare suke zuwa. Wanda ke nesa da kanti, ko wanda ya riski shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da kayan ƙarfe da shalak suka yi wuya, ba zai jefar da allura bayan minti uku ba. Zai sake sa ta, zai wasa ta a dutse, kuma a ƙasashe da yawa mutane sun koma ga ƙaya da tsinken gora, har a Ingila ana sayar da allurar ƙaya ga masu tsoron lalata faifai. Ƙaya ba ta cin faifai, sai dai muryarta ƙasa-ƙasa ce kuma tana dakushewa tun waƙa ba ta ƙare ba. Faifan da aka ci zalinsa da tsohuwar allura yana da alama, tsaginsa yakan yi furfura, ya koma toka-toka a wuraren da mawaƙi ya fi ɗaga murya. Wannan shuu da ake ji kamar ana soya wani abu a bayan waƙa, da tsagewar murya a ƙololuwa, tabon allura ne. Kuma ya fi tsanani a ƙarshen waƙa, domin a bakin faifai tsagi na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan mita ɗaya a sakan, a kusa da cibiya kuwa bai kai rabin haka ba, don haka an cusa amo iri ɗaya a wuri mafi ƙunci.

Daga allura motsi na bi ta wani siririn ƙarfe zuwa tantanin da ke cikin kan garmaho. A da ana yin tantanin da wani dutse mai ɓarewa falle-falle da ake kira maika, daga tsakiyar shekarun 1920 aka koma alminiyam mai laushi. An riƙe shi ne tsakanin zobban roba biyu, kuma roba ba ta shiri da zafin Sudan: tana bushewa ta yi tauri, tantanin ya kasa motsi yadda ya kamata, iska ta riƙa zurarewa ta gefe, amo ya koma na gwangwani. Daga nan iska ta bi ta cikin hannun garmaho ta shiga ƙaho. Dokar ƙaho ba ta da sassauci: amo mai kauri yana buƙatar ƙaho mai tsawo da baki mai faɗi, domin igiyar amon da ke kaɗawa sau 100 a sakan ta haura mita uku a tsawo. Shi ya sa masu kuɗin Ingila a shekarun 1930 suke sayen garmahon EMG mai ƙahon da bakinsa ya haura santimita 70. Ɗan ƙahon da aka lanƙwashe a cikin akwatin hannu ba ya fitar da abin kirki a ƙasa da kaɗawa 200 zuwa 300. Sakamakon wannan ya wuce batun daɗin ji, domin akwatin ya zama mai zaɓen wanda za a ji. Muryar mace mai kaifi, da muryar namiji mai tashi sama, da tafi, da ƙaramin tambarin hannu mai ƙararrawa da mawaƙan Haƙiba ke riƙewa, duk suna cikin iyakar da yake iyawa. Ganga mai zurfi kuwa ba ya ganinta, sai ɗan ƙwas na bugun gula ya rage, cikin ya tafi. Waƙar Omdurman, wadda ta dogara ga murya da 'yan amshi, ta yi asara kaɗan. Kiɗan ƙasar Hausa, wanda a wurare da yawa ganga da kalangu da kotso da taushi ne ƙashin bayansa, shi ne irin kiɗan da wannan akwati ya fi tauyewa. An ɗauki muryoyin Hausa a faifai tun wajen 1927 zuwa 1930, a jerin da kamfanin Zonophone ya yi wa kasuwar Afirka ta Yamma, amma ko da irin wannan faifai ya ƙetare Sahel ya iso Sinnar, abin da zai fito daga ƙahon rabin kiɗan ne.

Mai jayayya zai ce an ɗora wa akwatin laifin da ba nasa ba, domin tun a ɗakin ɗauka aka yanke muryar. Akwai gaskiya a nan, kuma ba ƙarama ba. Kafin 1925 mawaƙi yana rera waƙa ne a bakin wani babban mazurari, ƙarfin muryarsa kaɗai ke tura abin da ke yanka tsagi, kuma wannan hanya ba ta kama komai sai tsakiyar amo, daga kaɗawa kusan 200 zuwa 2,500. Haruffa irin su s da sh da f da ts, waɗanda ke rayuwa a sama da haka, sukan dushe. Mawaƙi kuma dole ya matsa murya ya ɗaga ta, don haka wani ɓangare na waƙar hanci da ake ji salon da mazurari ya tilasta ne. Sai dai wannan hujja tana raunana da shigowar makirufo. Daga 1925 kamfanoni suka koma ɗauka da lantarki bisa tsarin Western Electric, iyakar ta buɗe daga ƙasa da 100 har wajen 5,000, kuma faya-fayen ƙarshen shekarun 1930, zamanin da A'isha ta je Alƙahira, na wannan sabon zamani ne. Shaida mafi ƙarfi ita ce abin da ke faruwa idan aka sami irin wannan faifai da bai sha allura ba, aka wanke shi, aka sa shi a na'ura mai daidaitaccen gudu da allurar da ta dace: ƙirjin mawaƙi yakan dawo, a ji numfashinsa, a ji faɗin ɗakin. Abin yana nan kwance a cikin tsagi tun ran da aka buga shi. Akwatin shagon gahawa ne bai iya tono shi ba, kuma kowace rana da ya yi yana ƙoƙari da dakusasshiyar allura yana ƙara binne shi.

Wata jayayyar ta fi wannan nauyi. Za a ce mutanen da suka bar ƙasarsu don gudun mulkin Nasara, ko suka tsaya noman auduga da niyyar cika guzurin Makka, ba su da lokacin tantance amon garmaho, da yawa daga malamansu ma ba sa ƙaunar ganinsa, kuma wanda ya saurara kalmomi yake bi da sunan mawaƙi, ba ruwansa da karkarwar gwamna. Ɓangaren farko gaskiya ne, labarin A'isha da mahaifinta ma ya ishe shi shaida. Amma ƙyamar malamai ba ta hana su auna na'urar da idon basira ba. Tun farkon ƙarni na 20 malaman Masar, irin su Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i da Rashid Rida a mujallarsa al-Manar, suka yi rubutu a kan hukuncin sauraren Alƙur'ani daga wannan na'ura, kuma a 1961 aka kammala ɗaukar Alƙur'ani duka da muryar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari aka buga a faya-fayai. Almajirin da ya san tsawon madda da gunna ya fi kowa saurin gane faifan da ke gudu ko jan ƙafa. Ɓangare na biyu kuwa, cewa talaka ba ya jin bambanci, raini ne da ba shi da tushe. Al'ummar da ke gane makaɗi daga nesa ta hanyar ɗaurin gangarsa, da matan da ke jin turmin da ya tsage daga amon taɓarya, ba kunne suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne abin kwatance. Wanda bai taɓa zama a gaban mawaƙi ba, kuma duk akwatunan da ya taɓa ji ciwonsu ɗaya, dole ya ɗauka haka muryar take. Ta wannan hanya ce aibin na'ura ya rikiɗa ya zama siffar zamani guda a cikin tunanin jama'a.

Zamanin lantarki ya sauya tambayar, bai kawar da ita ba. Columbia ta fito da faifan roba mai juyi 33 da sulusi a 1948, RCA ta biyo da ƙaramin mai juyi 45 a 1949, tsagi ya sirance, nauyin da ke kan allura ya sauko daga fiye da giram 100 zuwa 'yan giram kaɗan. Da shuu ɗin shalak ya tafi, sai aka fara jin abin da yake ɓoyewa, wato gurnanin injin kansa. Masu ƙira suka rabu uku. Wasu, kamar Garrard 301 na shekarun 1950, sun sa ƙaramar tayar roba tsakanin inji da faranti, mai ƙarfin ja amma mai isar da girgizar inji zuwa allura. Wasu, kamar na'urar AR ta Edgar Villchur ta 1961, sun sa bel na roba suka rataye faranti da hannu a kan sifirin, girgiza ta ragu, sai dai bel yana saki. A 1970 Technics ta fito da SP-10, inda farantin ke zaune kai tsaye a kan inji mai juyawa a hankali. Duk wannan muhawara ta gidajen da wuta ba ta yankewa ce da gidajen rediyo. Abin da ya dace da aljihun ɗan kambo shi ne ƙaramin mai batir, wanda farantinsa bai kai faifan da ke kansa faɗi ba, kuma gudunsa ke bin ƙarfin batir yadda na da ke bin sifirin, da bambanci ɗaya: sifirin ana ƙara masa wani kyauta, batir sai an saya. Tayar roba da bel sun gaji ciwon zobban roba na da. Faifan roba kuma ya fi na shalak tsoron rana, yini ɗaya a bayan lori ya isa ya kantare shi, ga shi yana janyo ƙura da kansa. Idan aka dubi wannan, tsohon garmahon wani, wanda maƙeri ko mai gyaran agogo zai iya buɗewa ya wanke da kananzir ya sa sabon giris, ya fi dacewa da ƙauyen Jazira fiye da wanda ya gaje shi, kuma ba abin mamaki ba ne da HMV ta ci gaba da ƙera samfurin 102 har wajen 1960 saboda kasuwannin da wuta ba ta kai ba.

Kaset, wanda Philips ta fito da shi a 1963 kuma ya mamaye kasuwannin Sudan da Nijeriya daga shekarun 1970, shi ya rufe babin. Shi ma yana da nasa jan ƙafar idan batir ya yi sanyi, amma ba ya tsalle a kan hanya, yana shiga aljihun alhaji, kuma ana iya ɗaukar murya da shi, don haka Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da wa'azin malaman Kano suka sami hanyar isa gaɓar Nilu da gangunansu da kuntiginsu a cike. Faya-fayen da suka rage sun koma ƙasan akwatuna da ɗakunan ajiya, mafi girmansu na Rediyon Omdurman. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci ginin rediyon, ya ci Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya kai jihar Sinnar a 2024, kuma shalak abu ne da ke fashewa ko daga hannu ya faɗi. Duk faifan da ya tsira, wanda zai kwafe shi zuwa kwamfuta yana fuskantar tambayoyin da mai shagon gahawa ya fuskanta. Sai ya daidaita hudar tsakiya da cibiya kafin ya fara. Sai ya nemo gudun da aka ɗauki waƙar da shi, yana gwada muryar faifan da wasu waƙoƙin mawaƙin da aka ɗauka a tef, maimakon ya dogara da lambar 78. Ba zai wanke shi da sinadarin da ke da barasa ba, domin barasa tana narkar da shalak. Kuma ba zai sa masa allurar faifan roba ba, domin tsagin 78 ya ninka na roba faɗi kusan sau uku, siririyar allura takan zarce har gindinsa inda ƙurar shekaru ta kwanta. Allura mai kauri, wadda aka zaɓa ta zauna a bangon tsagi ɗan sama da inda allurar ƙarfe ta fere, ita ke taɓa wurin da muryar ba ta ji rauni ba.